Neman kalma: me za mu kira «protéine régulatrice» irin su A20?

Malamin bayoloji, Garwa: Salamu alaikum. Ina neman Hausar «protéine régulatrice», furotin da ke rage ruruwar kumburi, misali A20. Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin cuta irin su E. coli da na taifot suna da dafi a ɓawonsu na waje, LPS. Da dafin ya taɓa TLR4, furotin da ke gane shi a jikin ƙwayoyin garkuwa, sai a ɗaura wa TRAF6, furotin mai isar da saƙo a cikin ƙwayar garkuwar, sarƙar wani ƙaramin furotin mai suna ubikitin, daga nan NF-kB, furotin mai kunna ƙwayoyin gado, ya shige cibiyar ƙwayar ya sa a ƙera TNF da IL-6, sinadaran da ke hura kumburi, sai zazzaɓi da kumburi. Rauni ma yakan bi wannan hanya, don matattun ƙwayoyin jiki suna zubar da wani furotin, HMGB1, mai tayar da TLR4 ɗin. A20 ne ke zuwa ya kwance sarƙar. Na rubuta «birki», amma bai kwanta mini ba.

Likita, Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. Birki ba zai yi ba, don aikinsa a tsaya cik. Kumburi kuwa ba abokin gaba ba ne, da shi ake kashe ƙwayar cuta, da shi miki ke fara warkewa. Kuma a lura, NF-kB ɗin da ya hura wutar shi ne ke ba da umarnin ƙera A20. Saƙon ne ke haifar da mai sassauta shi.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Njamena: To akala fa, ko dabaibayi?

Likita, Marwa: Hajiya, akala ja-gora ce, tana nuna wa raƙumi hanya. Dabaibayi kuwa kalma ce mai kyau, amma a ajiye ta wa IkB, wanda ke riƙe NF-kB a ɗaure tun kafin komai ya faru, sai an lalata shi saƙon ke wucewa. A20 daga baya yake shigowa, bayan doki ya riga ya zabura. Ni dai linzami nake gani.

Ku duba abin da ke faruwa in babu A20. A shekarar 2000 an ba da rahoton ɓeraye da aka cire wa ƙwayar gadonsa, TNFAIP3: kumburi ya cinye hanta da hanji da gaɓoɓi, suka rame suka mutu da wuri, ɗan LPS kaɗan ma yana kashe su. A ɗan Adam ƙwayar gadon tana kan kromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 6, kuma a 2016 aka bayyana iyalan da kwafi ɗaya kawai cikin biyun da kowa ke da su ke musu aiki, suna fama da gyambon baki da na al'aura da zazzaɓi mai komowa tun suna yara. Rabin linzami ke nan, bai isa ba.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Njamena: Na yarda. Kalmar ta ɗauki ɗaya ɓangaren ma: in an ja linzami ya wuce kima, doki ya ƙi tafiya. Ƙwayar garkuwa da ta sha LPS sau ɗaya takan yi sanyi a karo na biyu, wannan na cikin dalilan da suka sa wanda ya tsallake cutar gubar jini wata cutar ke saurin kama shi.

Malamin bayoloji, Garwa: Madalla, Allah ya ƙara basira. Zan rubuta «furotin linzami» ga A20, «furotin dabaibayi» ga IkB, LPS kuma «dafin ɓawo». Saura «inflammation» kanta: kumburi bai ɗauki ja da ɗumi da raɗaɗi ba. Wa ke da kalma?