Abin da matan zumunta suka ce a koya wa 'yan mata

Bayan sujada, matan zumunta na wata majami'a a karkarar Jigawa sun zauna kan yadda za a koya wa 'yan mata kare kai. Bakinsu ya zo ɗaya cewa wa'azi kaɗai ba ya zama a ƙwaƙwalwa, sai yarinya ta gwada da hannunta.

Wuta ce ta fi cin lokaci, tunda su ke kan murhu. A yi wasan kwaikwayo: zani ya kama wuta, kada ta ruga, ta faɗi ƙasa ta yi birgima, wata ta lulluɓe ta da bargo. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara mata kamar minti 20. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da iyayenmu suka saba shafawa, a bar su. Nan aka ɗan yi gardama.

Kowace yarinya ta haɗa ruwan gishiri da sukari na masu gudawa a gaban jama'a: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Da damina, a zaga da su su ga tudun da za a gudu idan kogin Haɗeja ya yi ambaliya, a nuna musu kududdufai masu zurfi. Saran maciji: ba tsaga, ba ɗaure tamau, asibiti kai tsaye. Su haddace lambar kiran gaggawa, 112.

Wata dattijuwa ta tuno da gobarar garin Majiya a Jigawa, 2024, inda kwasar fetur daga tankar da ta faɗi ta ci rayuka sama da 150. Ta ce a faɗa musu ƙarara: tanka ta faɗi, a yi nesa.