Muhawara: Ba wa Ma'aikata Baƙin Haure Takardun Zama, Alfarma Ce ko Biyan Bashi?

Malamin tarihi: Ina gaishe ku duka. Da'awar da nake so mu auna ita ce ta mabiya tauhidin 'yantarwa, waɗanda suke cewa idan Amurka ta ba ma'aikata baƙin haure takardun zama, bashin da ma'aikatan suke bin ta ne ta biya. Wannan tauhidi ya tsiro ne a Latin Amurka. A 1968 bishop-bishop na Katolika na yankin suka taru a Medellín ta ƙasar Kolombiya, suka bayyana cewa talaucin da ya dabaibaye jama'arsu zalunci ne da aka gina a cikin tsarin mulki da na dukiya. A 1971 Gustavo Gutiérrez, limamin coci ɗan ƙasar Peru, ya wallafa littafin da ya ba tafiyar sunanta, sannan taron Puebla na 1979 a Meziko ya tabbatar da ƙa'idar fifita talaka. Ma'anarta ita ce duk dokar da za a auna, a fara tambayar wanda ta fi dannewa. Alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatan da ake ɗauka haya a gonakin amfanin gona ba su da izinin aiki. Ƙasar da take cin abincin da hannun mutum ya girbe, kuma ta ce ba ta san da zamansa ba, a ganina ita ce ke da amsar bayarwa. Ni ina goyon bayan da'awar.

Malama lauya: Malam, na gode da shimfiɗar, amma ban yarda ba. Littafi Mai Tsarki da suke kafa hujja da shi ya umarci a yi wa hukuma biyayya a Romawa sura ta 13, kuma koyarwar Katolika kanta, a sakin layi na 2241 na katikizim, wato littafin koyarwar cocin, ta ce hukuma tana da ikon gindaya sharuɗɗa a kan shige da fice, baƙo kuma wajibi ne ya bi dokokin ƙasar da ta karɓe shi. Bayan haka, an riga an gwada abin. A watan Nuwamba na 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta ba mutane kusan miliyan 2.7 takardun zama, bisa alkawarin cewa za a hukunta masu ɗaukar marasa takarda aiki, a rufe maganar ke nan. Zuwa 2007 adadin baƙin hauren ya kai kimanin miliyan 12. Me za a ce wa wanda ya cika takardu a ƙasarsa, ya biya kuɗi, ya yi shekaru yana jiran biza? Shi ma sau da yawa talaka ne. Kada kuma a manta cewa fadar Vatican, ta hannun Kadinal Ratzinger, ta fitar da gargaɗi a kan wannan tauhidi a 1984.

Fada (limamin coci): Malama, gargaɗin 1984 ya tsaya ne a kan aron tunanin Markisanci (aƙidar gurguzu ta Karl Marx) da wasu suka yi, bai soke fifita talaka ba, kuma takarda ta biyu da ta fito a 1986 ta fi sassauci. Sakin layin da kika ambata ya fara ne da cewa ƙasashe masu wadata wajibi ne su karɓi baƙo mai neman tsira da abin rayuwa gwargwadon ƙarfinsu. A cikin Littafi Mai Tsarki, a Littafin Firistoci 19:34 an ce baƙon da ke zaune tare da ku ku ɗauke shi kamar ɗan ƙasa, a Maimaitawar Shari'a 24:14-15 kuma an hana zaluntar ɗan ƙwadago matalauci, ɗan'uwa ne ko baƙo, an ce a biya shi kafin rana ta faɗi.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ta tarihi ce, domin wannan tauhidi yana tambayar abin da ya fitar da mutum daga gidansa. A watan Fabrairun 1980 Akbishop Óscar Romero na San Salvador, babban birnin El Salvador, ya rubuta wa Shugaba Jimmy Carter wasiƙa, yana roƙon kada a aika wa sojojin ƙasarsa taimakon makamai. Ranar 24 ga Maris na shekarar aka harbe shi yana tsaye a gaban bagade, yana gabatar da ibada a ƙaramin cocin wani asibiti. Taimakon ya ci gaba, yaƙin basasar ƙasar ya ci rayuka kusan 75,000 kafin a yi sulhu a 1992. Waɗanda suka gudo zuwa Amurka kuwa, a tsakiyar shekarun 1980 ƙasa da kashi 3 cikin ɗari na masu neman mafaka daga El Salvador ne ake amincewa da su. Shi ya sa ranar 24 ga Maris 1982 wani cocin Presbyterian a birnin Tucson na jihar Arizona, ƙarƙashin Rabaran John Fife, ya rataya ƙyalle a jikin gininsa yana shelar cewa ya zama mafaka, mutane suna kwana a ƙasan ɗakin ibada. A 1986 kotu ta samu mutum takwas daga cikin masu wannan aiki da laifi. Ita kuma dokar Reagan, babban sharaɗinta shi ne mutum ya shigo kafin 1 ga Janairu 1982, saboda haka da yawa daga cikin waɗanda yaƙin ya koro ba ta rufe su ba. Wanda ya taimaka wutar ta ci gidan maƙwabcinsa ba shi da bakin da zai kira shi ɓarawo don ya same shi a zaurensa.

Baba tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago: Fada, Allah ya ƙara girma. Ba kowa yaƙi ya koro ba, mafi yawa neman abinci ya kai su. Damuwata ita ce talakan ƙasar, wanda shi ma yake neman aikin gini ko na mayanka. A 1974 ƙungiyar ma'aikatan gona ta California, wadda yawancin 'ya'yanta 'yan asalin Meziko ne, da kanta ta riƙa kai ƙarar baƙin haure wurin jami'an shige da fice, saboda masu gonaki suna kawo su don karya yajin aiki. To, a nan wane talaka za a fifita?

Malamin tarihi: Baba, tambayarka ita ce mafi nauyi a zauren nan. Abin da ke sa mai gona ya fi son marar takarda shi ne tsoro. Mutumin da aka zaftare masa kuɗin ƙarin lokaci ba zai kai ƙara ba, idan ya san kiran waya ɗaya zai raba shi da 'ya'yansa. A 2002 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin Hoffman Plastic, ta yanke cewa marar takarda da aka kora ba bisa ƙa'ida ba saboda harkar ƙungiya ba za a biya shi albashin da ya rasa ba. Wannan rahusa ce ga mai kamfani, kuma ɗan ƙasa ne yake biyan ta da faɗuwar albashinsa. Babbar ƙungiyar ƙwadagon Amurka, AFL-CIO, ta gane haka, a shekarar 2000 ta sauya matsayi ta nemi a yi afuwa. Ga kuma takardar albashi: mai aiki da lambar shaidar fansho ta aro yana gani a kowane biya an cire masa kuɗin fansho na gwamnati, fanshon da ba zai ci ba. Wata cibiyar nazarin haraji ta ƙiyasta cewa a 2022 baƙin haure sun biya harajin da ya kusa dala biliyan 97.

Baba tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago: Wannan ta shige ni, Malam. Na kuma tuna Janairun 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutane sama da miliyan ɗaya suka kwashe kaya, kamar yadda gwamnatin Busia ta yi wa namu a Ghana a 1969. Ban ga albashin lebura ya gyaru ba bayan tafiyarsu.

Malama lauya: Baba, korar jama'a irin wannan ni ma ba na goyon bayanta, kuma na yarda cewa mutanen El Salvador suna da hakki na musamman, wanda wata dokar Amurka ta 1990 ta fara amsawa da izinin zama na wucin gadi. Inda na tsaya shi ne bashin gumi ana biyan sa da albashi da diyya, zama ɗan ƙasa kuwa hukunci ne na al'ummar da za a zauna a cikinta. Idan za a ba da takardu, sharaɗina shi ne a haɗa da biza ta aiki wadda ba ta ɗaure ma'aikaci a hannun ubangida ɗaya ba, da hukunci na gaske a kan mai kamfanin da ya ci amfanin tsoronsa. Wannan ɓangaren ne aka yi wa sakaci bayan 1986, kuma Fada, ina so in ji masu wannan tauhidi suna matsa wa majalisar dokokin Amurka a kansa da ƙarfin da suke matsa mata a kan afuwa.