Dako, jigila ko sufuri: me za mu kira aikin masu tanka?

Jama'a, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar da magana ɗaya a kanta. A takardun kamfanonin mai da sanarwar hukumomi ana yawan cin karo da "haulage", wato aikin mai tanka da ke ɗaukar fetur ko dizal ko kananzir na wani, ya kai inda aka ce, a biya shi. Masu fassara sun rabu uku: wasu su ce sufuri, wasu jigila, wasu dako. A labari ɗaya ma sai ka ji duka ukun. Ni ina bayan dako, ga kuma dalilina.

Sufuri ya yi faɗi. Jirgin ƙasa, jirgin sama, bas, A Daidaita Sahu, duk sufuri ne, shi ya sa muke cewa ma'aikatar sufuri.

Jigila ta fi kusa, amma kai da komo kawai take nunawa, kamar jigilar alhazai. Ba ta gaya maka kayan na wane ne ba. A 2025 matatar Dangote ta sanar da shirin kawo motoci 4,000 masu aiki da iskar gas don ta riƙa kai man da take tacewa gidajen mai da kanta. Wannan jigila ce, kaya nata, mota tata. Abin da ya tayar wa masu tankokin haya hankali kuwa shi ne jigilar za ta cinye musu dako. Da kalma ɗaya muke amfani ga ayyukan biyu, da wannan labarin bai faɗu da Hausa ba.

Ku dubi ɗan dako a kasuwar Dawanau. Buhun da ke kansa ba nasa ba ne, ladansa ya danganta da nauyi da nisa, in kuma buhun ya salwanta a hannunsa shi zai biya. Haka harkar tanka take. Akwai mai kaya, wato dillali ko mai gidan mai. Akwai mai mota, irin waɗanda ke cikin NARTO, ƙungiyar masu motocin haya. Akwai direba, wanda reshensa na direbobin tanka, PTD, ke ƙarƙashin NUPENG, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan mai. A defo, wato ma'ajiyar da ake lodin mai, ana rubuta yawan litar da aka ɗura, in an isa gidan mai a tsoma sandar awo kafin a sauke. Duk giɓin da aka samu daga kuɗin dako ake cirewa, kuma sau da yawa a wuyan direba yake ƙarewa. Wannan amanar tana cikin kalmar dako, babu ita a sauran biyun.

Wani ɗan uwa ya nuna cewa kalmar za ta ƙasƙantar da kamfani mai motoci ɗari. Malam, ban ga ƙasƙanci ba. Gidajen rediyo sun daɗe suna cewa motar dakon mai da jirgin dakon kaya, ba wanda ya ji an zage shi. Neman halal ne, da kai aka ɗauka ko da taya goma sha takwas.

Tanka kuwa a bar ta, ta riga ta zama tamu. Tun da akwai tankar yaƙi, kuma jam'inta ɗaya da tanki, sai a riƙa cika ta: tankar mai, tankar ruwa.

Inda aikin yake shi ne "bulk", kalmar da ake haɗawa da "haulage". Wasu suna cewa sari ko jumla, amma waɗannan maganar ciniki ce. A nan ana nufin kayan da ba a zuba a durom ko jarka ba, cikin motar ne kansa mazubin. Tirelar da ta ɗauko durom ɗari na man ja ta ɗauko da yawa, amma ba wannan ba ce. An ba da shawarar "a zube", kamar yadda ake cewa hatsi a zube. Ga hatsi ta yi. Ga fetur ban yarda ba ko kaɗan, don duk Bahaushen da ya ji "mai a zube" zai fahimci man ya kwarare a ƙasa. Bayan abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda tanka ta faɗi, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta kama ta kashe sama da mutum 150, wannan ba kalmar da za a bari ta rikita mai sauraro ba ce.

Kuma bambancin man cikin tanka da na durom ba na ado ba ne. Lita 33,000 ta fetur ta kai wajen tan 24, kuma nauyi ne mai motsi. In direba ya taka birki ko ya sha kwana, man yakan tura gaba ko ya kwanta gefe guda, shi ya sa ake raba cikin tanka ɗaki-ɗaki. Yawan haɗurra ne ya sa NMDPRA, hukumar da ke kula da tacewa da rarraba mai, ta hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris, 2025.

Shawarata a ce "dakon tanka". Kalmar tanka ta riga ta ƙunshi ma'anar "bulk", don ba a saka mata kwali ko buhu. In ana son fayyacewa sai a ce dakon mai, dakon man ja, dakon ruwa. Kamfanin ya zama kamfanin dakon tanka, ladan ya zama kuɗin dako.

Saura "bridging", wato kai mai wurare masu nisa daga defo. Asusun daidaita farashin mai na PEF da aka kafa a 1975 shi ya riƙa biyan kuɗin kai mai wuraren da suka wuce kilomita 450 daga defo, don farashin Maiduguri ya yi daidai da na Legas, kafin dokar man fetur ta 2021 ta mayar da aikinsa hannun NMDPRA. Kada wani ya fassara ta da gada. Ni ina ganin "dakon dogon zango" ya wadatar. Direbobi da yaran mota, da 'yan uwa na Damagaram inda matatar SORAZ ke aiki tun 2011, ku kawo abin da kuke faɗa a bakin lodi mu gwada da wannan.