Rahotannin matsala 312 sun taru mana, in kunna bot ya rufe tsofaffin?

Abba_ƘofarƘaura: Salamu alaikum. Manhajar fitar da sakamakon ɗalibai ce, a buɗe take a GitHub, mu uku ke kula da ita kyauta. Rahotanni 312 ne a buɗe, kusan rabinsu ba wanda ya tanka tun 2022. Abokan aikina na so a kunna actions/stale, bot ɗin GitHub mai rufe rahotannin da aka daɗe ba a taɓa ba, kafin a koma makaranta. In kunna shi yadda yake, ko da abin da zan gyara?

Sadik_Daura: Rufe su duka kawai. Wanda abin ya dama zai sake buɗewa.

Malam Nura: Sadik, ba zai iya ba. A GitHub, in ba shi ya rufe da hannunsa ba, mai rahoton da ba ya cikin masu kula da aikin ba ya iya sake buɗewa. Abba, in ka bar shi yadda yake, kwana 60 na shiru zai liƙa lakabi, bayan kwana 7 ya rufe. Kwana 7 sun yi kaɗan ga malamin makaranta da ba kullum yake duba imel ba. Fara da bincika is:issue is:open sort:updated-asc, ka raba su gida biyu: waɗanda kuka tabbatar matsalar gaskiya ce, da waɗanda kuke jiran bayanin mai rahoto. Na biyun kaɗai za ka liƙa wa lakabi ka sa shi a only-labels, don bot ya taɓa su kaɗai. Lakabin na farkon ya shiga exempt-issue-labels, don bot ya ƙyale su. Kuma operations-per-run, wato iyakar ayyukansa a kowane zagaye, 30 ne, ba zai cinye 312 a zagaye guda ba.

Anti Bilkisu: Ni dai bot ɗin nan ba na ga-maciji da shi. Akwai wata manhajar buga takardar shaida, ba zan faɗi suna ba. An kai rahoton ƙ, ɗ da ɓ na komawa alamar tambaya, har da dalilin: rumbun bayanan na kan tsarin haruffa na latin1, wanda ba shi da waɗannan haruffa, maimakon utf8mb4. Bayani ya cika, ba sauran abin ƙarawa, sai aka yi shiru. Bot ya rufe. Wani ya kawo sabo, aka ce maimaici ne, aka tura shi ga wanda aka rufe, aka kulle sharhi. Har yau yaran Ɗandume da Ƙanƙara na karɓar takarda da sunan garinsu a lalace. Shirun mai rahoto ba ya nufin matsala ta warke, jira yake.

Sadik_Daura: Anti, ai masu aikin ba albashi suke ci ba.

Anti Bilkisu: Na sani, ƙanena. To su rufe da hannunsu su ce ba za mu gyara ba. Tun 2022 GitHub ya kawo dalilin rufewa na not planned, wato ba a shirin gyarawa. Wannan ya fi mutunci da mutum ya riƙa rubuta "har yanzu tana nan" duk wata biyu don kar na'ura ta kore shi.

Usy_Gobarau: Ku lura da kuɗi fa. Actions, inda bot ɗin ke gudana, minti 2,000 ne kyauta a wata, in ya ƙare sai an biya.

Malam Nura: Wannan na rumbun manhaja na sirri ne, Usman. Na Abba a buɗe yake, ko sisi ba zai biya ba. Abin lura shi ne, in rumbun ya yi kwana 60 ba motsi, GitHub na kashe aikin da aka sa wa lokaci. Agogonsa kuma UTC ne, mu muna gaba da awa ɗaya.

Usy_Gobarau: Kubernetes ma, babbar manhajar nan ta buɗe, bot suke amfani da shi: kwana 90, sai 30, sai 30 a rufe. Kun fi su sani ne?

Anti Bilkisu: Su suna da /lifecycle frozen, mai hana bot rufe rahoto, da tarin masu tantancewa. Abba mutum uku gare shi. Wanda bai taɓa tantance rahoto ko goma ba ya ɗan saurara.

Usy_Gobarau: Wanda ke kai rahoto kaɗai bai taɓa riƙe aiki ba fa?

Ɗan_Kusugu: Don Allah in an gama a aro mani bot ɗin in saita wa masu bina bashi. Kwana 60 shiru, a rufe 😂

Abba_ƘofarƘaura: Malam, waɗanda ba su faɗi sigar da suke kai ba fa? Sun kai 90.

Malam Nura: Gwada a sigar ƙarshe. In ba ta fito ba, rubuta abin da ka gwada, ka ba su kwana 30. Gaba kuma ka sa fom a .github/ISSUE_TEMPLATE, gurbin siga ya zama dole.

Sadik_Daura: Fom? Mutanenmu da ke ɗaukar hoton allon kwamfuta da waya, duk ya dushe, su turo ta WhatsApp ƙarfe ɗayan dare da muryar minti huɗu?

Ɗan_Kusugu: Kuma a ƙarshen muryar ya ce "ba ta yi ne kawai".

Anti Bilkisu: Ai gara wannan. Wani kai tsaye zai kira ka, wai shugaban makarantarsu na tsaye a kansa. Wa ma ke raba musu lambobinmu?