Neman kalma: majalisa ta cire alƙalin kotun tsarin mulki, "tsigewa" za a ce?

Amina, Gombe: Salamu alaikum malamai. Ina da shiri a rediyo ƙarfe 4 kan 'yancin ɓangaren shari'a. Misalina Indonesiya ne: a Satumbar 2022 majalisar dokoki ta cire Alƙali Aswanto daga kotun tsarin mulki saboda yana soke dokokin da ta yi, wa'adinsa kuwa bai cika ba. In na ce "tsigewa", mai sauraro zai ɗauka an kama shi da laifi. Me zan ce?

Barista Usman: Kin yi daidai. Tsigewa tana da ƙa'ida. A nan Najeriya, sashe na 292 na tsarin mulki ya ce shugaban ƙasa ba ya cire Alƙalin Alƙalai sai kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa sun nema. Na Alƙalin Alƙalai Onnoghen a 2019 ma "dakatarwa" aka ce, Tanko Muhammad na Bauchi ya riƙe kujerar. A Indonesiya majalisa ke turo alƙalai 3 cikin 9, shi ya sa ta ɗauki Aswanto a matsayin wakilinta. Ki ce "kiranye".

Malama Hadiza: A'a Barista. Kiranye na wakili ne. Da ta ce kiranye, ta yarda alƙali ɗan aiken majalisa ne, wanda shi ne ainihin ɓarnar.

Malam Bappa: "Tuɓe rawani". Kowane Bahaushe zai gane. Kuma ku daina cewa "kotu", kalmar Bature ce, "zauren hukunci" ya wadatar.

Barista Usman: Baba, rawani na sarauta ne. "Alƙali" da "hukunci" ma ai daga Larabci suke.

Malam Bappa: Larabci ya zauna da mu tun kafin Bature. Matsalarku sai abin da gidajen rediyon waje da Kanawa suka faɗa. Mu Hausar Bauchi ba Hausa ba ce?

Malama Hadiza: Ba wanda ya raina Bauchi, Malam. A Nijar da Shugaba Tandja ya rushe irin wannan kotun tasu a 2009, "kotun tsarin mulki" suka ce, kowa ya fahimta.

Amina, Gombe: Lokaci ya ƙure. Zan ce "majalisa ta sauke shi ba tare da tuhuma ba", in bar "kotu" yadda take.

Malam Bappa: Wannan jimla ce, ba kalma ba. Amma je ki yi shirinki, 'yata. Gobe mu dawo kan rawanin.