Abin da aka ce wa masu son binciken saman sararin sama

Hira ce tsakanin wasu malaman kimiyyar fiziks da ɗalibansu, kuma Edward Appleton, wani masanin kimiyya ɗan Ingila, aka yi ta kafa misali da shi. A Disamban 1924, shi da ɗalibinsa Miles Barnett suka yi amfani da tashar BBC ta Bournemouth a Ingila, suna sauraro daga Oxford, suka tabbatar akwai wani sashe can sama, kusan kilomita 100 daga ƙasa, mai dawo da igiyar rediyo. Shi ya sa gajeren zango ke kai mana labarai daga nesa. Lambar Nobel sai 1947 ta zo masa.

A kan batun haƙuri aka fi daɗewa. Wani malami ya ce mai gaggawa ya nemi wani fanni, domin ƙarfin rana, wanda ke sauya yanayin wannan sashe na sama, yana hawa da sauka ne duk shekara 11, awon wata shida kuwa ko kwatar zagaye bai kai ba. A riƙa rubuta awo kullum, har ranar da na'ura ta ƙi aiki.

An kuma ce kada a raina gida. Wutar lantarkin da ke gudana can sama a kan layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, wadda masani Sydney Chapman ya raɗa wa suna "equatorial electrojet" a 1951, tana ratsa Najeriya, kuma a Ibadan masani ɗan Najeriya Cyril Onwumechili ya yi suna da nazarinta.

Batun auna darajar masani da yawan masu ambaton takardun bincikensa ne aka kasa daidaitawa. Ni dai na fi karkata ga wanda ya ce a duba ɗaliban da mutum ya yaye.