Boris ɗin ƙafar gaba yana kuka, zan iya canza shi da kaina?

Mai Corolla Toka:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Corolla ƙirar 2006, mai giyar hannu, ta haura kilomita 240,000. Yau kusan sati uku ke nan tana wani gurnani daga gaba, wuuu wuuu, kamar jirgi daga nesa. Ba ya fitowa sai na kai gudun 50 zuwa 60, kuma ina ƙara wuta yana ƙaruwa. Na saki giya a gangara, injin ya yi shiru amma kukan yana nan, to na san ba inji ba ne. In na karkata sitiyari hagu ya fi ƙarfi, in na karkata dama sai ya lafa. Ya fara ne bayan na faɗa wani rami da daddare, ruwa ya rufe shi ban gani ba, kuma ƙafar dama ce ta sha dukan.

Na ɗaga ta da jak, na kama tayar sama da ƙasa na girgiza, babu wasa ko kaɗan. Wannan ne ya ɗaure mini kai, don an ce mini in boris ya mutu taya lilo take yi.

Ni ba bakanike ba ne, amma ni nake juyen baƙin mai, na canza takalman birki sau biyu, na taɓa canza shokozoba ɗaya. Ina da akwatin soket, sufanu, jak da ƙarafan tokara guda biyu. Injin matsi ne ba ni da shi. Wani abokina ya ce ba dole ba ne, guduma da tsohon boris sun isa a kora sabon ciki. Shin boris ne? Zan iya gamawa a gida ranar Asabar? Kuma dole sai na canza na ɓangarorin biyu?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka zayyana ya yi kama da boris ƙwarai, kuma na dama. In ka karya hagu nauyin mota kan koma gefen dama, sai mai ciwon ya ƙara kuka. Amma kada ka rantse a kan wannan gwajin kaɗai, na sha ganin ya yi ƙarya, domin layi biyu na ƙwallaye ne a cikin boris ɗin, ya danganta da layin da ya ci. Rashin wasa kuwa ba ya wanke shi. Irin wannan yakan yi watanni yana kuka kafin ya fara lilo. Ranar da ka ji lilo, ya riga ya yi nisa.

Ga gwajin da na fi yarda da shi. Ɗaga ƙafar, giya a sake, ka kama sifirin na shokozoba da hannu ɗaya, ka wulwula tayar da ɗayan. In boris ya ci za ka ji gurzar tana hawowa ta cikin sifirin har tafin hannunka, kamar ana niƙa tsakuwa. Yi wa ɗaya ƙafar haka ka kwatanta. Kafin ka sayi komai kuma, shafa bayan tayar da hannu. Tayar da ta ci tudu da kwari tana kukan da ba shi da maraba da na boris. Mayar da na gaba baya, in kukan ya bi su ka huta.

To, aikin. Mafi yawansa za ka iya, tunda ka taɓa kwance shokozoba. Abokin faɗanka na farko shi ne notin shaf, wato babban notin da ke tsakiyar ƙafar, a bakin sandar da ke juya taya. Lamba 30 ne, mai kusurwa 12, soket mai kusurwa 6 ba zai hau ba, ka nemo tun ranar Juma'a. An daki bakinsa ya shiga wani tsagi a jikin shaf don kada ya warware, sai ka ɗago wurin da siririn cizal tukuna, in ba haka ba yana fita yana cinye tiredin shaf. Wani ya taka maka birki, kai kuma ka zura dogon bututu a hannun soket ɗin ka danna.

Motar ta zauna a kan ƙarafan tokara, ba a kan jak ba, ka kuma tokare tayoyin baya. Kalifar birki, wato mariƙin takalman birki, ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kada ta yi reto a kan tiyo. Cire faifan birki. In motarka mai ABS ce, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, cire sensarta da wuri kuma a hankali, tsatsa kan riƙe ta, ta karye a hannu. Sai ka kwance tayrod, sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa, sai bal-join na ƙasa. A wannan motar kada ka wahalar da kanka da raba shi daga sama, kwance noti biyu da kusa ɗaya da suka haɗa shi da hannun ƙasa, ya fi sauƙi. Manyan kusoshi biyu na shokozoba kuwa, zana alama a wurin zamansu kafin ka taɓa su. Shaf ɗin ka tura shi ciki ya fita daga hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa. In ya ƙi, mayar da tsohon notin bakinsa ka daki notin, kada ka daki kan shaf tsirara. Kuma kada ka finciko shi daga giyabos, man giya zai biyo ka.

Yanzu gidan boris yana hannunka da hob ɗinsa. A nan nake so ka ajiye guduma, ka gaida mini abokin naka.

Boris zobe ne na waje, da zobba biyu na ciki, ƙwallaye a tsakani. Ƙa'idar ɗaya ce: ƙarfin matsi kada ya bi ta kan ƙwallayen. Lokacin shigar da shi cikin gidansa, zoben waje kaɗai ake dannawa. Lokacin shigar da hob kuma, sai an tallafe zoben ciki daga baya. In aka saɓa, kowace ƙwallo sai ta buga ɗan rami a kan hanyar da take bi. Ido ba ya ganinsa, ranar farko mota shiru, amma ba da daɗewa ba kukan zai dawo, ka ce an sayar maka da jabu, alhali a hannunka ya mutu. Guduma ita ce uwar wannan ɓarnar, ga shi tana sa boris ya shiga a karkace ya gurje bangon gidansa. In gidan ya gurje, ko wane boris ka sa ba zai zauna ba.

Saboda haka ka sa ƙarfen a buhu ka kai wa mai injin matsi, aikin minti kaɗan ne. Ka tsaya a kansa, kada ka je shan iska.

Wajen mayarwa, notin shaf ba ado ba ne, shi ne yake matse zobban ciki biyu su zauna daidai. Sayi sabo, ka ɗaure shi da sufana mai awo a kan niyuton-mita 216, ka sake dakan bakinsa cikin tsagin. Kada ka sauke motar ƙasa, balle ka gangara ta, kafin ka ɗaure shi. Notocin taya kuma niyuton-mita 103. Kafin ka motsa ka tattaka birki har ya yi tauri.

Na hagu kuwa, in bai yi kuka ba ka ƙyale shi. Ba takalmin birki ba ne da ake canzawa biyu-biyu.

Sarkin Sauri:

Haba Baba, ka tsorata bawan Allah! Ni watan jiya na canza nawa a ƙofar gida, ko awa ɗaya ban yi ba. Kusoshi huɗu ne ta baya, na kwance, na buga tsohon ya faɗo, na goge tsatsa na ɗora sabo. Babu injin matsi, babu zuwa wurin kowa. A tsohuwar motata ma da guduma na sa, na kwanar da boris ɗin a firiza, da safe ya shige kamar an shafa masa mai. Malam, ɗaure ɗamara kawai.

'Yar Gareji:

Malam Sarkin Sauri, gaskiya ka faɗa game da motarka, amma ba irin tasa ba ce. Naka boris da hob a haɗe suke zuwa daga kamfani, an riga an matse su, kai ɗaurawa kawai ka yi. Nasa kuwa boris ne tsura wanda ake dannawa cikin gida, a riƙe shi da kilif, wato zoben ƙarfen da ke hana shi fita, sannan a danna hob a cikinsa. Akwai ma iri na uku a ƙafar gaban tsofaffin motoci masu ja da baya, wanda ake cusa wa giris da hannu a daidaita shi da noti. Shawarar ɗaya ba ta yi wa ɗaya, kowa ya fara duba irin nasa. Firiza kuma tana ɗan tsuke ƙarfe, ba na musu, sai dai taimako ne ba madadin matsi ba.

Yaya Mai Corolla, ga abubuwan da za su iya ba ka mamaki bayan abin da Baba ya faɗa.

Idan aka fitar da hob, zoben ciki ɗaya zai biyo shi ya manne. Haka yake yi kullum, kada ka ɗauka ka fasa wani abu. Ana zare shi da abin janyewa, ko a tsaga shi da injin yanka ba tare da an kai ƙasa ba, a sa cizal a tsagin a daka, sai ya buɗe. Bayan ya fita, bi wuyan hob ɗin da farce. In ka ji zurfi, ko ka ga ya yi shuɗi saboda zafi, hob ɗin ma ya gama aiki, sabon boris zai riƙa juyi a kansa.

Kilif ɗin yana ɓuya cikin tsatsa da laka. Na taɓa ganin an ɗora gida a injin matsi ana ta danna, boris ya ƙi motsi, ashe ba a cire kilif ba. Sai kuma farantin nan siriri da ke kare faifan birki daga ƙura: dole a mayar da shi kafin a danna hob. In aka manta, fitar da hob ɗin kuma kashe sabon boris ne.

Ga masu karatu da ke da motocin baya-bayan nan: da yawa daga cikinsu maganaɗisun ABS yana jikin murfin boris ne, a fuska ɗaya kawai, kuma ita za ta kalli sensa. Kanga ƙaramin ƙarfe kamar allura a fuskokin biyu, wadda ta ja shi ita ce. In ka juya shi, wutar ABS za ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Taka Corollar zoben haƙoran da sensar ABS take karantawa yana kan shaf ne, wannan bai shafe ka ba.

In ka nace sai a gida, akwai kayan matsi na hannu: doguwar kusa mai kauri da faifai masu girma daban-daban, kana ɗaure noti tana jan boris ɗin ciki a miƙe. Da shi ko gidan ba sai ka cire daga mota ba. Amma don aiki ɗaya tak, ni dai da shawarar Baba zan bi.

Wajen saye, Koyo, NSK, NTN, SKF da FAG sanannun masu ƙera boris ne, sai dai ana buga sunayensu a kan kwalin jabu, ka saya inda ka amince. Araha ba ta ado a nan. Kuma kada ka bari wani ya ɓanɓare murfinsa wai zai ƙara giris, a rufe yake zuwa da nasa.

Tsohon Bakanike:

Madalla, 'yata, kin cike abin da na bari. Kai kuma Sarkin Sauri, waccan tsohuwar motar da ka sa wa da guduma, wata nawa ta yi a hannunka bayan nan?

Sarkin Sauri:

Baba ai sayar da ita na yi bayan wata biyu, hhhh. Sai a tambayi wanda ya saya.

Mai Corolla Toka:

Jama'a na dawo da rahoto, Allah Ya saka da alheri. Gwajin sifirin ya yi aiki: na hagu lumus, na dama kamar ina riƙe da injin markaɗe.

Asabar ɗin ba ta isa ba, sai da na haɗa da safiyar Lahadi. Notin shaf kaɗai ya ci mini fiye da rabin awa. Na hau kan bututun da ƙafa biyu, ƙanena yana taka birki, da ya saki sai da na zauna a ƙasa. Sensa ta fita lafiya bayan na jiƙa ta da man kwance tsatsa na bar ta ta sha. Abin da ya ba ni wuya ban zata ba shi ne tayrod, sai da na ari abin matse shi.

A wurin matsi na tsaya kamar yadda Baba ya ce, kuma tsayuwar ta yi rana. Mutumin ya sa boris daidai, ya mayar da kilif, ya ɗora hob zai danna, sai na hango farantin ƙurar a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce Oga dakata! Ya yi dariya ya ce wa ya koya maka. Na kuma lura ya tallafe zoben ciki da wani guntun bututu tun ban yi magana ba, sai hankalina ya kwanta. Wuyan hob ɗin lafiya lau, ban canza shi ba.

Sufana mai awo ma aro na yi, na ɗaure a 216 motar tana sama, ƙanena a kan birki. Na hau babban titi na kai 100, shiru, har na fara jin wata ƙara a dashbod da ban san tana nan ba.

Saura abu ɗaya. Duk da alamar da na zana, sitiyarin ya ɗan karkata dama in ina tafiya miƙe, gobe zan kai ta alaimen. Tsohon boris ɗin kuwa na buɗe shi don in gani da idona. Layin ciki sumul. Layin waje giris ɗinsa ya koma ruwan ƙasa kamar an dama shi da tsatsa, kuma a kan hanyar ƙwallayen akwai wani wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa da ya ɓarɓashe.

Baba, kafin in je alaimen ɗin, bal-join na ƙasa robarsa ta fashe, na gani lokacin da nake mayarwa. In canza shi tukuna, ko zai iya jira?

Tsohon Bakanike:

Canza shi tukuna, in ba so kake ka yi alaimen sau biyu ba. Wannan karon ba ka buƙatar mai injin matsi, amma notin shaf zai sake fita kafin ka kai ga na saman bal-join ɗin, to ka sayo wani sabon.